Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi: Diyyar Ma'aikata a Bauchi

Assalamu alaikum. Kwamitin gudanarwa na gabatar wa membobi, lauyoyi da jami'an kula da ma'aikata, abin da aka yi bana.

Zaman bitar wata-wata ya gudana yadda aka tsara, kuma kusan duk fayilolin da aka kawo matsalarsu ɗaya ce, wato wa'adi. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba wanda ya ji rauni kwana 14 ya sanar da wanda yake wa aiki. Shi kuwa wanda ake wa aikin kwana 7 gare shi daga ranar haɗarin ya kai rahoto NSITF, wato hukumar asusun da ke biyan diyyar ma'aikata, don haka wanda ya zauna jiran takardar ma'aikaci ya makara. In rasuwa ce, nan take ake sanarwa. Neman diyyar kansa shekara ɗaya ne, ana iya ɗagawa har 3 in akwai uzuri na musamman, amma kada kowa ya dogara da wannan.

Abin da ya fi cinye kwanakin nan sananne ne. Lebura ya karye a wurin gini ko a injin casar shinkafa, 'yan'uwa su ɗauke shi sai wajen mai ɗori a ƙauye. Bayan wata biyu ya dawo ba katin asibiti, ba hoton ƙashi, ba shaidar da ta rubuta komai. Ba mu hana kowa ɗori ba, amma a fara biyawa asibiti a ranar, likita ya rubuta abin da ya gani. Saboda haka muka raba wa membobi takardar sanarwa mai shafi ɗaya da Hausa: suna, rana, lokaci, wuri, yadda abin ya faru, sunayen shaidu. In haɗarin hanya ne tsakanin gida da wurin aiki, sashe na 7 na dokar ya haɗa da shi, sai a ƙara da rahoton 'yan sanda.

Mun kuma zauna da iyalan mamata, kuma nan ne aka fi samun saɓanin fahimta. Tsohuwar dokar 1987 dunƙule take biya, albashin wata 42 in an rasu, har yanzu shi mutane ke tsammani a kawo a raba. Ta yanzu wata-wata take biyan waɗanda ke ƙarƙashin kulawar mamacin: kashi 90 cikin 100 na albashi ga matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye, kashi 85 in ɗa ɗaya ne. A yi wannan bayani tun zaman farko, kafin dangi su fara zargin lauya. Sulhun da aka yi a zauren mai unguwa aka karɓi ɗan abin sayen magani kuma bai soke haƙƙin ba, sashe na 13 na dokar 2010 ya hana yafe shi.

Sauyin da ya fi taɓa lissafi shi ne ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa N70,000 a watan Yulin 2024. Kashi 1 cikin 100 da wanda ake wa aiki ke zubawa a asusun NSITF da jimillar albashin wata ake lissafa shi, diyya ma da albashi ake auna ta. Kamfanin da ya ƙara albashi bai sabunta jadawalinsa a NSITF ba, ranar biya za a ga giɓin. Wasu kuma suna tuna asusun ne kawai idan neman kwangilar gwamnatin tarayya ya tashi ana buƙatar takardar shaida. Cire kuɗin daga albashin ma'aikaci laifi ne.

Ga lauyoyi: idan wani ne daban ya jawo raunin, kamar direban wata motar, a zaɓi diyya ko ƙara, kuma mai son diyya wata 6 gare shi ya yi wannan zaɓin. Wanda bai gamsu da hukuncin NSITF ba ya ɗaukaka gare ta cikin kwana 180, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a nan Bauchi. Kai ƙarar Babbar Kotun Jiha ɓata lokaci ne, sashe na 254C na tsarin mulki ya riga ya ba Kotun Ma'aikata hurumin irin wannan shari'a.

Ziyarar wuraren fasa dutse ba ta samu ba bana, an mayar da ita farkon shekara mai zuwa, tare da bita kan cutar huhu ta ƙura da raunin ji. Masu bashin kuɗin ƙungiya su ga ma'aji kafin babban taro.