A Tura Matasanmu Su Ga Yadda Maƙwabta Suka Raya Itatuwansu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da iyaye da shugabanninmu na Jihar Kebbi a kan aikin sa kai a ƙasashen waje, musamman irin wanda ake haɗa matashi da yara ya koya musu shugabanci da kula da muhalli. Ni malamin makaranta ne a ƙaramar hukumar Arewa, kuma na taɓa yin irin wannan aiki a Jamhuriyar Nijar, a wani ƙauye na yankin Dogon Dutsi cikin jihar Doso, tun kafin matsalar tsaro ta yi tsanani a bakin iyaka. Wata ƙungiyar matasa ce ta kai mu, mu da 'yan Benin da 'yan Burkina Faso. Babu albashi. Abinci ne da tabarma da gidan sauro, sai ɗan kuɗin sabulu.

Da zan tafi, wasu 'yan uwa sun ce ai wannan ba fita waje ba ce, tunda can ma Arawa ne, harshe ɗaya, fura ɗaya. Yawancin matasanmu in an ce waje, Ingila ko Dubai suke hangowa. Ni kuwa ina ganin ilimin da zai amfani gonar mutumin Kangiwa ko Yeldu yana wurin wanda ƙasarsa ta fi tamu bushewa kuma ya san yadda ya yi da ita.

Yaran da aka ba mu 'yan shekara 12 zuwa 17 ne, maza da mata. Da hantsi muna gona, da la'asar muna ƙarƙashin bishiya ana tattaunawa. Mun tafi da niyyar kafa lambun renon dashe, kuma mun kafa, amma abin da ya fi zama a raina wani dattijo manomi ne ya nuna mana shi. Ya kai mu gindin wani kututturen kalgo da ya yi tofo wajen guda ashirin. Ya durƙusa ya dudduba, ya zaɓi uku da suka fi ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran da lauje mai kaifi. Waɗanda ya bari ya rage musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsawonsu, yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Sannan ya ɗaura wani jan ƙyalle a jikin ɗaya, alamar cewa wannan icce yana da mai shi. Ya ce mana saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa tun zamanin mahaifinsa, ba ta neman ban ruwa, abin da take nema kawai a daina sare mata kai kowace bazara. Sassaben zamani suke kiran wannan aiki. Ko sisi ba a kashe ba.

Ba ƙaramin abu ba ne, Malam Edita. A yankin Maraɗi aka fara yayata dabarar a 1983, lokacin da wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa yawancin dashen da ake yi mutuwa yake, alhali gonaki cike suke da kututturai masu rai. Masu bincike sun ƙiyasta cewa manoman Nijar sun farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 ta wannan hanya. Abin da ya taimaka shi ne da aka sassauta dokar daji, manomi ya samu tabbacin cewa iccen da ya raina a gonarsa zai mora, ba tara za a ci shi ba. Na ga gonakin gero da gawo ya cika su, kuma kowane manomi ya san darajar gawo: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da bisashe.

Haka ma ramukan da suke kira tassa, waɗanda ake haƙawa a faƙo da rani a zuba taki, gara ta shiga ta huda ƙasar, ruwan farko ya taru a ciki. A 1989 wasu manoma ƙalilan daga Illela ta jihar Tawa suka je Yatenga a Burkina Faso suka gani da idonsu, suka dawo suka gwada, maƙwabta suka kwaikwaya. Yacouba Sawadogo, manomin Yatenga da ya shahara da gyara wannan dabara, shi da Rinaudo sun samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Tafiyar mutane kaɗan ce ta raya faƙon da aka riga aka fid da rai da shi. Gani ya kori ji.

To ina maganar shugabanci? A nan ne nake so iyaye su saurare ni. Ba lacca muka yi wa yaran ba. An raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da gonar da yake kula da ita da littafin da ake rubuta kowane icce, kuma shugabancin rukuni yana zagayawa duk mako. Wanda ya riƙe makon shi zai raba aiki, shi zai ajiye kayan aiki, shi zai yi bayani in wani abu ya ɓace. Mu manya aikinmu mu zauna gefe, in an tambaye mu mu amsa, in an yi rikici mu bari su fara neman sulhu da kansu. Yin shirun nan ya fi komai wuya ga malamin da ya saba da alli da bulala.

Akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha huɗu ba, wadda da farko ko sunanta ba ta iya faɗa da ƙarfi. A makon da take riƙe da rukuni aka sare musu tofon sabara da dama, aka gano matan unguwa ne masu neman makamashi. Ta ɗauki littafinta, ta nemi mu raka ta ƙofar mai gari. Ta durƙusa ta gaishe shi, muryarta na rawa, ta ce, “Ranka ya daɗe, ba ƙara muka kawo ba. Iyayenmu ne, kuma dole su yi girki. Muna roƙo a ce musu rassan da muke ragewa nasu ne, mu za mu ɗaure mu kai musu gida, su bar mana masu jan ƙyalle.” Mai gari ya sa aka yi shela a daren. Daga baya matan nan su ne suka zo koyon gina murhun laka mai tsimin icce. Babu wanda ya rubuta wa yarinyar nan abin da za ta faɗa.

Mu dawo gida. Kebbi tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wato katangar itatuwa ta tare hamada, ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don ya ratsa daga Senegal zuwa Jibuti. A Najeriya daga ƙaramar hukumar Arewa ganuwar ta faro har zuwa Abadam a Borno, kuma a nan Bachaka aka yi bikin ƙaddamarwa a zamanin Shugaba Goodluck Jonathan. Abin alfahari ne. Amma duk mai bin hanyoyinmu ya san yadda dashen biki ke ƙarewa: a dasa da damina, a ɗauki hoto, kafin hunturu ya fita awaki sun cinye, saura tsirarun kara da aka kewaye. Dashe ba laifi ba ne, ni ma ina yi. Rashin mai shi ne ke kashe shi. A lokaci guda kuma buhunan gawayi na fita daga dazukanmu kullum, manomi na sassabe gonarsa ƙwal yana cinna wa tofon wuta.

Roƙona ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi da masarautunmu na Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru shi ne su ɗauki nauyin matasa, maza da mata, su je aikin sa kai na damina guda a wuraren da wannan aiki ya kafu. Na san hanyar Nijar ba kamar da ba ce, ga matsalar tsaro, ga ficewarta daga ECOWAS a 2025, kuma ba zan ce wani uba ya tura ɗansa inda ransa bai kwanta ba. Akwai arewacin Ghana, akwai Senegal, akwai Habasha da Kenya, duk ana irin wannan aiki. Amma a sa sharaɗi: wanda ya dawo a haɗa shi da makaranta guda da fili guda na shekara biyu. Na san waɗanda suka yi irin tafiyata suka dawo da takardar shaida, tana nan cikin akwati, don babu wanda ya tambaye su me suka koyo.

Ga matasa kuma, ku yi hattara da masu tallar aikin sa kai a Facebook da WhatsApp suna neman kuɗin biza ko na fom. Ku nemi hanyoyin da aka sani, kamar shirin Technical Aid Corps da Najeriya ta kafa a 1987, ko shirin matasa 'yan sa kai na Tarayyar Afirka da aka ƙaddamar a Abuja a 2010. Kuma duk mai zuwa don ya tara kuɗi ko ya samu hanyar zarcewa Turai, gara ya bar wa wani gurbin.

Kai kuma Malam Edita, ina da buƙata a wurinka. Wakilanku na zuwa ranar dashe, muna gani, mun gode. Ina roƙon a sake turo su wuraren nan a watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura, su ƙirga abin da ya rayu, su tambayi wa ke ba shi ruwa, su buga mana adadin a wannan shafi.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Kangiwa, Jihar Kebbi.