Yadda muka gyara gidanmu da hannunmu cikin wata guda

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in bayyana abin da ni da iyalina muka koya a watan da muka keɓe don gyaran gidanmu da kanmu, ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba.

Fenti ne ya fi cin lokacinmu. Da farko mun yi gaggawa, muka shafa shi bayan mun cike tsagogin bango alhali simintin bai bushe ba, kwana kaɗan sai ya fara ɓarewa. Dole muka kankare, muka goge da samfefa, muka bar bangon ya bushe sarai, sannan muka shafa sau biyu, muna jiran shafin farko ya kama kafin na biyu. Launi mai haske da muka zaɓa ya sa ɗakin kamar an ƙara masa faɗi.

Tsofaffin kujeru kuwa mun ɗaure ƙusoshinsu, uwargida ta ɗinka musu sababbin riguna, yara suna miƙo kayan aiki cikin murna. Wayoyin lantarki kaɗai muka bar wa ƙwararre, domin kuskure a wurin yana iya haddasa gobara.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum