Turai ta yuro ashirin da ake nuna wa yaranmu a waya

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya da kai da ma'aikatanka. Ni ɗan kasuwa ne, kayan waya nake sayarwa a Adum nan Kumasi, gidana Aboabo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gardamar da muke yi kusan kullum a wajen shan ataya da ƙannenmu, kowa ya zaro waya yana nuna min bidiyon wani bature ko baturiya wai da yuro ashirin sun tashi daga wannan gari sun sauka wancan, wai yawon Turai ya fi zuwa Tamale sauƙi. To ni na je, kwana 9 na yi a watan Nuwamba, gari huɗu, Lisbon a Fotugal, sai Sabiya da Ƙurɗuba da Garnaɗa a Sifen, kuma ina so a ji daga bakin wanda ya tashi daga Zongo da sidi a aljihu.

Wannan tikitin mai araha akwai shi, ban ƙaryata ba. Amma mai bidiyon a cikin gidan ya kwana, mu kuwa sai mun biya kuɗin ƙofa. Bizar Shengen, wato bizar haɗaka ta shiga yawancin ƙasashen Turai, yuro 90 ce tun Yunin 2024, ban da kuɗin 'yan karɓar takardu, ban da inshorar lafiya wadda dole ta kai ta yuro 30,000, ga takardar banki, ga shaidar wurin kwana na kowane dare, ga motar dare zuwa Accra ka koma ka sake dawowa karɓar fasfo. In an hana ka kuɗinka ya tafi, babu mai mayar maka da ko pesewa. Kuma ƙasar da za ka fi daɗewa ita za ka nema, shi ya sa na nemi ta Sifen duk da ta Fotugal na shiga. Tikitin jirgi daga Accra zuwa Lisbon shi kaɗai ya ci fiye da duk abin da na kashe a can, kwana da ci da mota. Wannan ne ba a sawa a bidiyo.

Lisbon ban daɗe ba, kwana biyu, gari ne na hawa da gangara, gwiwa ta sha wuya. A unguwar Martim Moniz na samu 'yan Bangaladesh masu abincin halal, nan na ci shinkafa na ƙoshi. Ina kallon bakin kogin da jiragen ruwan Fotugal suke tashi a da sai Elmina ta faɗo min a rai, ashe daga nan aka kwaso mutanen da suka gina mana wancan sansanin na bakin teku a 1482, mu da muke zuwa yawon makaranta muna ɗaukan hoto.

Wurin kwana kuwa hostel ne, wato ɗaki ɗaya gado takwas sama da ƙasa kamar 'yan bodin, ba ka san kowa ba. Asuba ita ce matsalar. Babu buta a banɗaki, robar ruwan sha na mayar buta, sannan ga ni a tsakanin gadaje biyu cikin duhu na shimfiɗa darduma ina karatu a zuci kar na tashi mutane, ƙafar wani ɗan saurayi tana lilo daidai kaina ina sujada. Rana ta biyu ya farka ya gan ni, bai ce komai ba, ya janye ƙafarsa kawai ya juya. Duk mai zuwa ya nemi ɗakin maza zalla ko mata zalla tun wajen bukin, domin da yawa a gauraye suke, kuma ya nemi mai kicin. Gari da sukari da gyaɗa da na ƙulle daga gida su suka rufa min asiri da safe. Kilishi da madarar gari kar ma ka fara, dokarsu ta hana matafiyi shiga da nama ko madara daga waje.

Daga Lisbon zuwa Sabiya babu jirgin ƙasa kai tsaye, bas na hau, kusan awa bakwai, na zaɓi ta dare wai don na tsira da kuɗin ɗaki. Wayo ne na banza, na isa gari bai waye ba, sanyi, ɗaki kuma sai da rana za a ba ka, na wuni ina gyangyaɗi a benci. Agogon hannuna ma ya yaudare ni, domin lokacin sanyi Fotugal daidai take da Ghana amma Sifen ta wuce mu da awa ɗaya. Duk da haka na hau Giralda, hasumiyar masallacin Muwahhidai da aka gama a 1198, yanzu ƙararrawar coci ce a samanta, kuma ciki ba matakala ba ce, gangara ce kake ta zagayawa har sama.

Inda na yi kuskure babba shi ne Ƙurɗuba. Wuni ɗaya na ba ta saboda tana kusa da Sabiya, minti arba'in da 'yan kai a jirgin ƙasa mai gudu, alhali ita ce ta fi cancanta da kwana uku. Malam Edita, mu da muka tashi muna jin malamai a tafsirin azumi suna cewa Ƙurɗubi ya ce, Ƙurɗubi ya ce, wallahi ban taɓa kawo wa raina cewa gari ne da ake sayen tikiti a je ba. Shi ma Alfazazi mai Ishiriniyar da muke rerawa a Maulidi ɗan Andalus ɗin nan ne, wato Sifen ta zamanin Musulmi. Masallacin da Abdurrahman na ɗaya ya fara a wajajen 785 yana nan, ginshiƙai ɗaruruwa da bakuna ja da fari iya ganinka, mihirabin yana ƙyalli, amma tun 1236 coci ne, kuma ba a yarda Musulmi ya yi sallah a ciki ba, masu gadi na kallo. Na tsaya gaban mihirabin nan hannuna a aljihu kamar baƙo a gidan kakansa, ban gama kallo ba ina duba agogo saboda motar Garnaɗa. Wannan duba agogon har yau yana cina.

A Garnaɗa Allah Ya taimake ni na sayi tikitin Alhambra, fadar sarakunan Musulmi na da, tun ina Kumasi, domin yana ƙarewa da wuri, da sunanka a jiki, ana duba fasfo, kuma fadar ciki tana da lokacin shiga, in ka makara shi ke nan. Bango ko'ina an sassaƙa wa la galiba illallah, turawa na tambayar mai jagora ma'anarsa ni ina karantawa da karatun allona. Garin ya fita hannun Musulmi a 1492, amma akwai masallaci a unguwar Albaisin da aka buɗe a 2003, daga farfajiyarsa kana hango Alhambra kyauta, nan na yi Juma'a. Sai dai a kula da abinci, cinyoyin alade rataye suke a shaguna kamar yadda muke rataye ayaba, har cikin kayan fulawa ana sa kitsensa, in ka ga cerdo a jikin leda ka ajiye.

Sai tikitin araha da kansa. Daga Malaga, wani gari a kudancin Sifen, na kama jirgi zuwa Lisbon don komawa gida, kuɗinsa kamar wasa, ashe ƙaramar jaka wadda za ta shiga ƙarƙashin kujera kawai ya ɗauke. Tawa ta kumbura da tsarabar Hajiya da ta yara, a bakin ƙofa aka ce na sa ta cikin wani ƙarfen awo, na danna na danna har da gwiwa ta ƙi shiga, layi na kallona, kuɗin da na biya nan take ya fi na tikitin. Araha ba ta ado, an faɗa.

Roƙona gare ka Malam Edita, labarin Turai a jaridunmu kullum na kwalekwale ne da Sahara, ko kuma na manya masu zuwa asibiti. Ku ware shafi ko sau ɗaya a wata ku yi bayanin neman biza da Hausa dalla-dalla, ko yaranmu sa daina kai kuɗinsu ga 'yan koneshan. Ni dai da na dawo tambayar da aka fi yi min a wajen ataya ita ce wai me ya dawo da ni, har wani ƙanena ya ce na ɓata biza. Na ce masa shagona na Adum ba ya buɗe kansa, kuma in Allah Ya sake ba ni, Ƙurɗuba kawai zan je na zauna.

Naka,
Wani mai sayar da kayan waya,
Aboabo, Kumasi.