A riƙa auna tsamin ruwan tafkunanmu

Ya Edita,

Ina roƙon fili domin in ja hankalin hukumomin ruwa na jiharmu. A shekarar 1976 masana a ƙasar Kanada suka fara zuba ruwan asid da gangan a wani tafki, har ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH ya sauko daga kusan 6.8 zuwa 5, wato ruwan ya ƙara tsami. Gansakuka mai kama da zare ta lulluɓe duwatsun gaɓa, kifaye kuma suka daina hayayyafa. Abin da ya fi damuna shi ne wasu daga cikin ƙwayoyin bakteriya da ke sarrafa sinadarin naitirojin ma sun tsaya cak, alhali tsirran ruwa ba sa rayuwa sai da wannan sinadari. Tunda hayaƙin masana'antu kan haddasa irin wannan tsami, ya kamata a riƙa auna ruwan Dam ɗin Kangimi akai-akai, a kuma sanar da masunta sakamakon.

Daga wani mai karatu,
Kaduna