Kafin ku ba mai kallo kujerar alƙali

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da dukan ma'aikatan gidan talabijin ɗinku.

Wata gardama ce da ta ɓarke a teburin mai shayin unguwarmu ta sa na rubuto. Ɗan yayana da ke karatun lauya a Jami'ar Jos ya kawo mana labarin wani wasan kwaikwayo mai suna Terror, wanda tashar ARD ta nuna a Jamus a watan Oktoban 2016. An gurfanar da wani matuƙin jirgin yaƙi saboda ya harbo jirgin fasinja da ɗan ta'adda ya ƙwace, da mutum 164 a ciki, don kada a afka da shi kan filin ƙwallo mai ɗauke da mutum 70,000. Da lauyoyi suka gama fafatawa sai aka ce masu kallo su yanke hukunci ta waya da intanet. Dama an ɗauki ƙarshen wasan iri biyu, wanda ya fi ƙuri'a shi aka saka. Kusan kashi 87 cikin 100 suka ce a sallame shi.

Kafin shayi ya huce tebur ya rabu biyu. Wani direba ya ce ai wannan lissafi ne, ko yaron firamare ya san wanda ya fi yawa. Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce rai ba buhun masara ba ne da za a ɗora a sikeli. Ɗan yayan nawa ya ƙara da cewa tun 2006 kotun tsarin mulkin Jamus ta soke sashen dokar da ya ba gwamnati damar harbo irin wannan jirgi. Har sha ɗaya ta wuce ba wanda ya yi zancen ƙwallo, abin da ban taɓa gani ba a teburin nan.

Shi ya sa nake roƙon ku yi mana irinsa da Hausa. Ba sai mun aro jirgin sama ba. Rikicin gado, iyakar gona, mai gida da ɗan haya, duk sun ishe mu.

Sai dai ina da fargaba, kuma na ga abin da ya sa. Wata rana a wajen kasuwar Taminus, nan Jos, aka yi ihun ɓarawo. Kafin ka ce kwabo an tara wa wani yaro jini da majina, wani har ya gangaro da taya. Ashe wayar da ake nema tana ƙasan jakar mai ita. Babu wanda ya tambayi shaida, ni ma da nake tsaye ban tambaya ba. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, a garin nan idan aka sa wa wanda ake tuhuma suna Musa ko Gyang, da yawa za su danna ƙuri'a kafin su ji ta bakinsa.

To idan za ku yi, ku ɓoye ƙabila da addinin masu shari'ar. Bayan an sanar da ƙuri'a, ku kawo tsohon alƙali ya zauna ya faɗi abin da doka ta ce, ko da ya saɓa wa rinjaye. Ya tuna mana sashe na 36 na tsarin mulkin 1999, cewa wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar, ya kuma tuna mana abin da muka karanta a zaure, cewa hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa kan wanda ya musa. Wannan zaman na minti goma ya fi mini wasan kansa muhimmanci.

Don Allah kuma kada kuɗin saƙon ƙuri'a ya yi tsada, in ba haka ba masu kati ne kaɗai za su zama alƙalai. Ku sa shi bayan isha'i, lokacin da mai shayinmu yake tada janareta.

Naku,
Mai kallonku daga Unguwar Rogo, Jos