Wa Ake Tuntuɓa Kafin A Rufe Iyaka?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan yadda ake tsara hulɗarmu da ƙasashen waje, musamman maƙwabta.

Da sojoji suka kifar da gwamnatin Shugaba Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta taru a Abuja ta ba su wa'adin mako guda, har da barazanar amfani da ƙarfi. Najeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wa Nijar wutar lantarki. Wa ya fara ɗanɗana kuɗarsa? Direban da tirelarsa ta yi cirko-cirko a Jibiya da Illela, da mai albasar da kayansa suka ruɓe cikin buhu. Jihohi 7 ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, ga auratayya, ga cinikin dabbobi tun kaka da kakanni. Amma sai bayan an yanke hukunci aka ji muryarsu.

Ita kuwa Aljeriya, wadda ita ma maƙwabciyar Nijar ce, tun farko ta ce ba ta yarda da yaƙi ba, ta kawo tayin miƙa mulki cikin wata 6. Tayin bai kai labari ba, gaskiya ne, amma ta auna abin da zai biyo baya a kan iyakarta kafin ta buɗe baki.

Mu abin da ya taka mana burki shi ne sashe na 5 na kundin tsarin mulki, wanda ya hana tura soja fagen fama a waje ba da amincewar Majalisar Dattawa ba, kuma sanatoci suka ƙi. Sannan malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka je Yamai aka saurare su, alhali tawagar farko ta ECOWAS ko ganin jagoran sojojin, Janar Tchiani, ba ta yi ba. An buɗe iyaka a Maris 2024, duk da haka Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Ga cibiyar nazarin manufofi nan kusa da mu a Kuru tun 1979, ana yaye manya kowace shekara. Ina roƙon jaridarku ta tambayi Ma'aikatar Harkokin Waje: shin akwai zaman da aka kira gwamnonin jihohin iyaka da sarakunansu kafin a rufe ta?

Naka,
Mai karatu daga Bukuru, Jos