Tarihin Daura bai tsaya a bakin Kusugu ba

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya aiki ya ɗawainiya.

Na ji shirinku na wuraren tarihi da kuka yi kan Daura, wallahi ya yi daɗi, amma dai kamar kullum rijiyar Kusugu kawai kuka zagaya kuka dawo, Bayajida ya kashe maciji, ana ɗiban ruwa ranar Juma'a kaɗai, Daurama ta aure shi, shikenan aka rufe shiri. To ai wannan ko ɗan firamare ya haddace shi. Ni ɗan Zango ne, nan kusa da bodar Nijar, kuma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne baƙo zai taso tun daga Kano ko Abuja ya leƙa rijiya, a ɗebo masa ruwa ya sha, ya ɗauki hoto da waya ya juya, babu wanda zai ce masa ga Zango can fa gaba kaɗan.

Alhali lokacin jihadi da Malam Isyaku ya karɓi Daura, sarakunan Haɓe ai ficewa suka yi, suka yi ta yawo kafin wani reshe ya zauna Zango wani kuma Baure, sai da Turawa suka zo suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi kan gadon Daura, gidan da ke sarauta har yau kenan. Kakana Allah ya jiƙansa in ya fara wannan labarin sai dare ya raba, mu yara muna gyangyaɗi shi ko a jikinsa. Yanzu irinsu saura ƙalilan, kuma ban ga mai zuwa da rikoda yana naɗar bakinsu ba.

Sannan ga kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, kara cike da shanu da raƙuma, Buzaye da Fulani da mutanen Damagaram ana ta ciniki da Naira da Sefa, dillali na riƙe da hannun mai saye ana sa albarka, ni dai a ganina wannan ma abin kallo ne da ya isa a yi masa shiri guda. Daga Kongolam kuwa in boda a buɗe take sai Matamaye sai Zinder, ka ga fadar Sarkin Damagaram da tsohuwar unguwar Birni. Rufe bodar 2019 da ta 2023 sun gurgunta zirga-zirgar nan ba kaɗan ba, 'yan uwa ma ziyara ta gagara balle ɗan yawon buɗe ido.

Don Allah in Sallar Gani ta zo a watan Maulidi ku turo wakilinku, ya kalli hawa a Daura, washegari ya ƙaraso Zango, ni zan kai shi wajen dattawan da kaina, fura ma a wuyana.

Naku mai sauraro kullum,
daga Zango, jihar Katsina.